CIWON ƘIN ABINCI DA YADDA AKE MAGANINSA

 

Kullum in mun zo nan, maganar da muka saba yi ita ce ta sauro, da ƙuda, da ruwan sha, da allurar rigakafi. Waɗannan cututtuka ne masu shigo mana daga waje, muna ganin hanyarsu mu toshe. Yau kuwa zan yi muku magana a kan wani ciwo dabam. Shi ba sauro ke kawo shi ba, ba kuwa a ɗebo shi a rijiya. Cikin tunanin mutum yake tsira, sa'an nan ya koma ya ci jikinsa.

Tun da fari bari in raba muku zance. Ba maganar wanda ya rasa abinci nake yi ba. Wannan yunwa ce, maganinta hatsi. Ba kuma ta majiyyacin da zazzaɓi ya ɗauke wa ɗanɗanon baki ba. Ina maganar mutum ne wanda ga tuwo a gabansa, ga yunwa tana cinsa, amma tsoron ƙiba ya hana shi sa hannu. Ko kuwa wanda ke ci a ɓoye har ya kasa tsayawa, sa'an nan ya zaga bayan gida ya amayar da gangan.

Na san wani zai ce, "Haba Malam, ai wannan ciwon 'ya'yan Turawa ne da abinci ya yi wa yawa." Ni ma da haka nake zato. Ku ji abin da ya raba ni da wannan zato.

LABARIN WANCE

Wata rana da hantsi wata dattijuwa daga Babban Giji ta zo ɗakin magani inda nake aiki, tana tafe da 'yarta, budurwa mai shekara 19. Ba zan faɗi sunanta ba, mu kira ta Wance. Uwar ta ce, "Malam, don Allah a ƙara mata ruwa. Wata shida ke nan tana fama da jiri, tana ramewa. Mun yi na tsutsar ciki, mun yi na shawara, mun yi na taifot, har hayaƙi an yi mata, ba sauƙi."

Na kama hannun yarinyar na ji shi sanyi ƙalau, ga shi kuwa cikin bazara muke. Na dubi kumatunta na ga sun ɗan kumbura ta wajen kunne. Na dubi bayan yatsunta na ga tabo, na dubi haƙoranta na ga sun soma zaizayewa ta ciki. Sai na ce wa uwar, "Hajiya, a ɗan ba mu wuri." Na kira ungozoma ta zauna tare da mu. Na ce, "'Yata, ba faɗa zan yi miki ba. Yaushe rabonki da ki ci abinci ki bar shi ya zauna?" Ta daɗe ba ta ce uffan ba. Can sai hawaye.

Ga abin da ta gaya mana. Ranar bikin yayarta aka ɗauki hotuna, wata cikin dangi ta duba ta yi dariya, ta kira ta buhun masara a gaban mutane. Maganar ta zauna mata. Ta daina karin kumallo. Ta shiga azumin Litinin da Alhamis, ba don lada ba, don kada a tambaye ta dalilin da ba ta ci. Ta sayi shayin rage ƙiba. To, amma in dare ya yi, kowa ya kwanta, sai yunwa ta fi ƙarfinta. Ta shiga madafa ta cinye sauran shinkafar tukunya, ta bi da burodi, ta bi da duk abin da hannunta ya kai, a tsaye, cikin duhu. Daga nan sai kunya da tsoro su rufe ta, ta je ta amayar. Da safe ta yi rantsuwa yau ba za ta ci komai ba. Da dare abin ya komo. Ta ce mini, "Malam, na ɗauka ni kaɗai ce a duniya mai wannan mugun hali."

Na ce mata ba hali ba ne, ciwo ne. Yana da suna, yana kuma da magani.

IRI UKU NE

Na ɗaya shi ne ƙin abinci, likitoci na kiransa anoreksiya. Mutum ya rage ci da gangan har ya rame ƙwarai, amma in ya dubi madubi ƙiba yake gani. Wani likitan birnin Landan, William Gull, shi ya raɗa masa wannan suna a 1873. Cikin cututtukan tunani duka, yana daga waɗanda suka fi kisa.

Na biyu shi ne ci da amai, watau bulimiya, irin na Wance. Likita Gerald Russell na Ingila shi ya bayyana shi a 1979. Mai wannan ciwo sau da yawa jikinsa daidai yake, bai rame sosai ba, shi ya sa yakan yi shekaru ba wanda ya gane.

Na uku shi ne cin wuce kima. Mutum ya ci abinci mai yawa cikin ɗan lokaci, a ɓoye, yana so ya tsaya ya kasa, amma shi ba ya amai. Kada ku haɗa shi da haɗama. Mai haɗama daɗi yake ji, wannan kuwa in ya gama baƙin ciki yake yi. A 2013 likitocin tunani na Amurka suka sa shi cikin jerin cututtuka da sunansa na kansa, shi ne kuma ya fi sauran biyun yawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 14 ke fama da irin waɗannan cututtuka, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara ne da matasa. Mata sun fi kamuwa, amma maza ma ba su tsira ba.

Mai cewa ciwon Turawa ne ya saurari labarin tsibirin Fiji. Mutanen Fiji kamarmu suke, suna son mace mai cikar jiki. A 1995 talabijin ya isa wani yanki nasu. Wata likita daga Jami'ar Habad, Anne Becker, ta tambayi 'yan mata 'yan makaranta a shekarar, ba ta sami ko ɗaya mai yin amai don rage ƙiba ba. Da ta sake tambaya a 1998, sai ta sami kimanin 11 cikin 100. Shekara uku kacal. To, abin da talabijin ya nuna wa 'yan matan Fiji, yau yana cikin wayar da ke hannun 'ya'yanmu a Tarauni da Gyadi-Gyadi.

ABIN DA KE RIƘE DA CIWON

Ba abu ɗaya ke haddasa shi ba. Akwai gado, akwai zolaya, akwai damuwar gida ko ta makaranta. Amma abin da ya fi muhimmanci ga mai magani shi ne abin da ke riƙe da ciwon yau. Ku dubi murhu. Tukunya a kan duwatsu uku take zaune. Haka wannan ciwo. Dutse na ɗaya tunani ne: "Darajata a jikina take, in na yi ƙiba na zama banza." Dutse na biyu horon kai da yunwa. Dutse na uku cin ɓoye da amai da kunyar da ke biyo baya. Tunani ya haifi yunwa, yunwa ta haifi cin ɓoye, cin ɓoye ya haifi kunya, kunya ta koma ta ƙarfafa tunanin. Haka abin ke ta juyawa.

Kada ku raina aikin yunwa a nan. Daga 1944 zuwa 1945, a Jami'ar Minesota ta Amurka, wani masani mai suna Ancel Keys ya gwada samari 36 lafiyayyu waɗanda suka yarda da kansu. Aka rage abincinsu kusan rabi har mako 24, suka zubar da kimanin kashi 1 cikin 4 na nauyinsu. Me ya faru? Suka zama ba su da zance sai na abinci. Waɗansu suka shiga tara littattafan girki. Suka zama masu saurin fushi, masu gudun mutane. Da aka sake musu, waɗansu suka riƙa ci ba tsayawa har su yi rashin lafiya. Kun ga ke nan, yawancin abin da muke kira taurin kai ko rashin tarbiyya ga irin waɗannan yara, aikin yunwa ne. Duk wanda aka yi wa haka, haka zai yi.

ƁARNAR DA YAKE YI

Amai na yau da kullum yana zubar da wani gishiri na cikin jini da ake kira fotasiyam, wanda zuciya ke bukata don ta buga daidai. In ya yi ƙasa ƙwarai, zuciya na iya tsayawa farat ɗaya, ko da mutum bai rame ba. Ruwan tsamin ciki yana cinye haƙora, yana ƙona maƙogwaro. Doguwar yunwa tana ɗauke wa mace al'ada, tana rarake ƙashi, tana zubar da gashi, tana sa jin sanyi da rana tsaka.

Ga kuma abin da masu ciwon ba su sani ba. Amai ba ya fitar da abin da aka ci duka, kaso mai yawa yakan riga ya zauna. Maganin zawo kuwa, da shayin rage ƙiba mai sa gudawa, a babban hanji suke aiki, bayan ƙaramin hanji ya riga ya tsotse amfanin abincin. Ruwa da gishirin jiki kawai suke fitarwa. Wahala ce ba riba.

MAGANIN GYARAN TUNANI DA ƊABI'A

To, mene ne magani? Ƙarin ruwa na iya ceton rai ranar da abu ya ɓaci, amma ba ya taɓa ko ɗaya cikin duwatsun nan uku. Maganin da ya fi ci ga manya shi ne wanda muke kira gyaran tunani da ɗabi'a. A asibiti za ku ji ana ce masa Si-Bi-Ti. Ba allura ba ce, ba ƙwaya ba ce. Zama ne da ake yi tsakanin majiyyaci da wanda ya koyi aikin, ana magana, ana ba da aikin da za a yi a gida, ana dawowa a duba.

Wani likitan Amurka, Aaron Beck, shi ya tsara wannan hanya cikin shekarun 1960 don masu ciwon damuwa. A 1981 Likita Christopher Fairburn na Ingila ya nuna yadda za a yi ta ga masu ci da amai, daga baya shi da abokan aikinsa a Jami'ar Oksfod suka faɗaɗa ta har ta game iri ukun duka. Bisa tsarinsu, wanda bai rame ƙwarai ba yakan yi zama 20 cikin mako 20, kowane zama kimanin minti 50, sau biyu a mako cikin watan farko. Wanda ya rame ƙwarai yakan kai mako 40. A gwaje-gwajen da suka yi a Ingila, tsakanin rabi da kashi 2 cikin 3 na waɗanda ba su rame ƙwarai ba sun warware. Ba kowa ba ne, amma ba kaɗan ba ne. Ga yadda aikin yake tafiya.

Na farko, a zana ciwon. Mai magani da majiyyaci su ɗauki takarda su zana yadda nasa duwatsun ke riƙe da juna. Mutum in ya ga ciwonsa a takarda, yakan daina ganin kansa a matsayin mugu.

Na biyu, a rubuta. Majiyyaci ya riƙe ɗan littafi. Duk abin da ya ci ko ya sha, ya rubuta nan take: ƙarfe nawa, a ina, me yake ji a ransa, ya yi amai ko bai yi ba. Wanda bai iya rubutu ba ya faɗa cikin wayarsa ta ɗauka. Ba don a kama shi da laifi ba ne. Don a ga lokacin da ɓarawon ke shigowa ne.

Na uku, shi ne ginshiƙi: a ci a kan lokaci. Babban ci sau uku, ɗan taɓa-baki sau biyu ko uku, kada tsakani ya wuce awa 3 zuwa 4. Mu nan Allah ya ba mu agogo mai sauƙi. Koko da ƙosai da safe, 'yar gyaɗa ko ayaba da hantsi, shinkafa da wake ko ɗanwake bayan azahar, fura ko awara bayan la'asar, tuwo bayan magariba. Ba sai abinci mai tsada ba, abin da ke tukunyar gida ya isa. A ci a zaune, a kwano, ko ana jin yunwa ko ba a ji, a kuma bar shi ya zauna. Majiyyaci zai ce, "Malam, ni da nake neman rage ci za ka ce in ci sau biyar?" I, haka ne. Cikin da bai wuni da yunwa ba, ba shi da dalilin afka wa tukunya da dare.

Na huɗu, awo sau ɗaya a mako, tare da mai magani. Nauyin mutum yakan hau ya sauka da kilo 1 ko fiye cikin yini saboda ruwa da abin da ke hanji. Mai hawa sikeli sau goma a rana, ruwa yake aunawa yana kuka. Mai gudun sikeli kuwa, tsoronsa yake ƙara girma.

Na biyar, a koyi jiran hadari ya wuce. Sha'awar cin ɓoye ko ta amai takan taso ta yi ƙarfi, in ba a bi ta ba ta kwanta da kanta. Sai a shirya abin yi tun da wuri: a fito tsakar gida cikin mutane, a yi wanki, a kira ƙawa, a yi kitso.

Na shida, a gwada tunani kamar yadda alƙali ke gwada shaida. Wance ta ce in ta ci waina biyu, kafin mako ya zagayo za ta kumbura. Ba a yi mata gardama ba. Aka ce, "To, mu gani." Ta ci waina ran Talata, ta rubuta tsoronta. Ranar awo ta hau sikeli, ba abin da ya canza. Haka aka bi dokokin da ta kafa wa kanta ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, har abincin da take tsoro ya koma abinci kawai.

Na bakwai, a gyara ma'aunin daraja. Aka zana mata faifai, aka ce ta raba shi bisa abubuwan da take auna kanta da su. Sai ga siffar jiki ta cinye kusan faifan duka, karatu da ibada da zumunci da ɗinkin da ta iya suna maƙale a gefe. Aikin da ya rage shi ne faɗaɗa waɗannan, da rage tsayuwa gaban madubi, da daina gwada kanta da hotunan waya waɗanda yawancinsu ma gyara su aka yi.

Na ƙarshe, a yi shirin ranar tuntuɓe. Biki zai zo, jarrabawa za ta zo, wani zai sake yin magana marar daɗi. Majiyyaci ya rubuta alamun da zai gane ciwon na leƙowa, da abin da zai yi nan da nan. Tuntuɓe ɗaya ba komawa farko ba ne.

Wani lokaci likita kan ƙara da ƙwayar maganin damuwa, musamman ga mai ci da amai. Wannan hukuncin likita ne, ba na mai kemis ba.

AIKIN IYAYE

In yaro bai kai shekara 18 ba, hanyar da aka fi farawa da ita ita ce wadda aka tsara a Asibitin Maudsley na Landan, inda ake koya wa iyaye su riƙe ragamar cin abincin ɗansu har ya farfaɗo. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarinsa a ƙauyen Aro kusa da Abekuta, inda majiyyaci ke zama tare da ɗan'uwansa ana yi masa magani. Ya gane dangi ma magani ne.

Saboda haka, iyaye, ga naku. Kada ku yi duka, kada ku yi gori, kada ku tara dangi a kanta. Kada ku ce, "Ga mutane can ba su samu ba, ke kina yanga." Ta sani, wannan ma yana cikin abin da ke cinta. Ku zauna ku ci tare da ita, ku ci gaba da hira har kamar awa guda bayan an gama, domin lokacin ne amai ke kira. Ku hana zolayar jiki a gidanku, ko ta mai ƙiba ko ta siriri. Ku ma iyaye mata ku rage kukan tumbinku a gaban yara, suna ji.

Kada kuma ku ce za ku gyara rama da ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe. Cikinsu akwai irin su dekzametason, mai kumbura fuska, mai ta da sukari da hawan jini, mai raunana ƙashi. Yarinyar da ke shan su don an ce mata tsinke, da wadda ke amai don an ce mata buhu, rijiya ɗaya suka faɗa: an koya musu darajarsu a sikeli take.

Ga maganar azumi. Ni ba malamin addini ba ne, amma kowa ya san shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame. Wuni ba ci, sa'an nan buɗa-baki mai yawa, yana iya ta da wannan ciwo ga wanda ke kan magani. Tun watan Sha'aban ku je ga likita ya faɗi halin da jikin yake ciki, ku kai wa malaminku bayanin ya ba ku hukunci. In kuma kun ga yarinya ta tsiri azumin nafila ba ƙaƙƙautawa tana ramewa, ku tambaye ta cikin lalama.

INA ZA A JE?

Ku fara da ɗakin magani mafi kusa. Lalle ne a fara duba tarin fuka, da ciwon sukari, da ƙanjamau, da ciwon maƙoƙo, da gyambon ciki, domin su ma suna ramar da mutum. In ba a sami ko ɗaya ba, ku nemi takardar turawa zuwa ga likitan tunani. Ku mutanen Babban Giji ba ku da nisa: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan kan titin Zariya, yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Akwai kuma asibitin Dawanau. In kun je, ku faɗi gaskiyar abin da ake yi a ɓoye, ku tambayi mai yin maganin gyaran tunani da ɗabi'a. Ganin likitan tunani ba hauka ba ne. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tsare mutuncin majiyyaci da sirrinsa.

Amma akwai alamun da ba a jira gobe: suma, bugun zuciya ba daidai ba, aman jini, kasa miƙewa daga tsugune, ƙin ko da ruwa, ko maganar gajiya da rai. In kun ga ɗaya, ku tafi asibiti a ranar. Wanda kuma ya daɗe ba ya ci, kada ku ɗura masa abinci mai yawa gaba ɗaya a gida. Jikin da ya saba da yunwa yana iya rikicewa har zuciya ta tsaya. Sannu a hankali ake ƙara masa, likita na duba jini.

ƘARSHEN LABARI

Wance fa? Muka tura ta babban asibiti. Aka auna jininta aka ga gishirin nan ya yi ƙasa, aka gyara. Ta shiga zama da mai magani. Makonnin farko sun yi wuya. Ta yi kuka, sau biyu ta ce ta fasa. Uwarta ta daina faɗa, ta koma zama da ita a tabarma bayan tuwon dare suna tsince wake. Cikin wata na biyu aman ya ragu, cikin na huɗu ya tsaya. Lokacin jarrabawa ta yi tuntuɓe sau ɗaya, ta buɗe littafinta, washegari ta karya kumallo kamar kullum. Ranar da ta zo yi mini ban gajiya na ce, "'Yata, me ya fi taimakonki?" Ta ce, "Ranar da na faɗa, Malam. Tun daga ranar ya rage nauyi."

Ke da ke saurarena yanzu, ko kai, kana jin kamar labarinka nake bayarwa: barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ka zaɓi mutum ɗaya da ka amince da shi, uwa ko yaya ko malamin asibiti, ka gaya masa cikin makon nan. Ku kuma iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ciwon da aka kama da wuri ya fi saurin sakin mutum.

Nan zan dakata. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.